Surame: Na Kai Ɗan Fari, Auta Kuma Sai Ta Jira

 

Daren Juma'ar da ta wuce na dawo daga aikin yamma a gajiye, na tarar an ɗauke wuta a Gawon Nama, yara sun yi cincirindo a tsakar gida kan wayar babansu. Bidiyo suke kallo. Wasu masu yawon buɗe ido ne ke ratsa wani ƙungurmin daji a ƙasar Gwatamala, ga laka, ga birai na ihu a kan itatuwa. Can sai ga wani gini na dutse ya ɓullo, ya kere duk itatuwan dajin tsawo.

Wurin sunansa Tikal, ɗaya daga manyan biranen mutanen Maya. Ya watse fiye da shekara 1,000 da suka wuce, daji ya haɗiye shi, sai a 1848 hukuma ta tura mutane suka je suka rubuta rahoto a kansa. Gininsa mafi tsawo ya kusa mita 70. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu mutane na biyan kuɗin jirgi don su je su gani.

Auta, mai shekara 9, ta ɗago kai ta ce, "Mama, su kakanninsu sun iya gini. Mu namu ba su bar mana komai ba."

Kafin in buɗe baki, yayansu ya riga ni. Ɗan fari ne, ki yi mini uzuri ba zan kama sunansa ba. Ya ce, "Ke dai ba ki je Surame ba ne. Ni na je."

Shi ke nan na shiga uku. Tun daren nan ba ta da magana sai, "Mama, ni yaushe za a kai ni?" Amsar da na ba ta ce ta sa na rubuta wannan. Amma bari in fara gaya miki abin da yayanta ya gani.

Mene ne Surame?

Na san akwai mata da yawa a cikin garin nan, haifaffun Sakkwato, da ba su taɓa jin sunan ba. Ni ma sai da na yi aure na ji shi a bakin surukina.

Surame kufan babban birnin daular Kabi ne, yana yamma da Sakkwato, ta wajen Binji da Silame. Muhammadu Kanta ne ya gina shi a ƙarni na 16. Kanta ya taya Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, wajen 1516 ya ɓalle. Songhai, wadda ita ce babbar daular yammacin Afirka a lokacin, ta turo runduna don ta ladabtar da shi, ya kore ta. Masu tarihi sun ce Borno ma ta kawo yaƙi har Surame ta koma, Kanta ya bi bayanta, a hanyarsa ta dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, wannan ne ajalinsa.

Surame ta yi kusan shekara 200 tana zaman gidan sarauta. A farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya ƙaura ya kafa Birnin Kabi, garin ya zama kufai. Ki tuna a 1809 aka kafa Sakkwato. Wato kafin a aza tubalin Birnin Shehu, Surame ta riga ta rayu ta tsufa ta watse. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infakul Maisuri, ya nuna girman abin da Kabawa suka bari.

Abin da ya bambanta ta da yawancin biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarta da duwatsu aka yi ta. An ƙiyasta faɗin wurin ya kai murabba'in kilomita 9. Gwamnatin tarayya ta ayyana shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma Najeriya ta sa shi a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Har yanzu wurare biyu na ƙasar nan aka fi sani a wancan babban jeri da Tikal ke ciki: Sukur a Adamawa, tun 1999, da kurmin Osun a Osogbo, tun 2005.

Ranar da muka je

Shekara bakwai ke nan. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, Auta tana goye don haka na bar ta wurin kakarta. Ni da baban yara da ƙanensa da yaron, yana da shekara 9, daidai shekarun Auta yanzu.

Mun yi niyyar fita bayan sallar asuba, amma kin san halinmu. Wannan ya nemi hula, wancan ya tsaya shan mai, ba mu bar gari ba sai da hantsi ya yi. Muka bar kwalta muka shiga turɓaya, muka isa wani ƙauye kusa da kufan, muka gaida mai gari, ya haɗa mu da wani dattijo da zai yi mana jagora. Siririn tsoho ne, da sandarsa da 'yar gorarsa ta ruwa a rataye. Muka aje mota muka kama sawu.

Kada ki sa ran irin dajin bidiyon nan mai duhu da ɗigar ruwa. Namu dajin na sabara ne da geza da farar ƙaya, da aduwa nan da can, da manyan kukoki tsirara ba ganye. Ciyawa ta bushe ta yi fari. Ƙarangiya ta cika mini bakin zane tun ba mu yi nisa ba, tsidau kuma ya huda silifas ɗin yaron sau biyu. Wani wurin sai Baba ya sa sanda ya ɗaga reshen sarƙaƙiya mu sunkuya mu wuce.

Mun yi tafiya mai ɗan dama ban ga komai ba sai tudu da ƙaya, har na fara cewa a raina an wahalar da mu a banza. Sai Baba ya tsaya ya ce, "Malama, dubi abin da kike takawa."

Na duba. Ashe tudun da muke hawa ba tudun Allah ba ne. Duwatsu ne jajaye, an jera su ɗaya kan ɗaya, sun miƙe dama da hagu iya ganin ido, itatuwa sun tsiro a tsakaninsu, saiwoyi sun tsattsaga su. A wasu wurare ganuwar ta zube ta zama tsibi, a wasu tana tsaye ana ganin jerin ginin sarai. Muka bi gefenta har wata kafa da ya ce ƙofar gari ce. Muka shiga ta inda dawakin Kanta suka riƙa shiga. Ba kowa sai kukan kurciya.

Yaron ya dafa wani dutse ya ce, "Baba, wa ya ɗauko wannan?"

Ya ce, "Mutane kamar ubanka, ɗana. Da kai suka ɗauko shi."

Ya ba mu labarin da ya gada daga nasa kakanni, cewa Kanta ya sa Azbinawa su yi ta jigilar ruwa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu don a kwaɓa ƙasar ginin. Labarin baka ne, amma ya nuna yadda mutane suka ɗauki ƙarfin mulkin mutumin.

Can yaron ya hango wani rami tsakanin duwatsu, ya miƙa hannu zai zura. Ban ankara ba sai na ji ƙarar sanda, Baba ya make masa hannun. Ya ce, "Kak ka sa hannu inda idonka bai shiga ba." Tsohon gini gidan kububuwa ne da kunama. Ni da nake ganin masu saran maciji a asibiti, ina tsaye ina ɗaukar hoto.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. A cikin garin, inda ake ganin tushen ɗakuna da bakin tsofaffin rijiyoyi, ƙasa cike take da tsingaro. Yaron ya tsinci wani, bakin tukunya ne, da 'yan zane a jikinsa. Na karɓa na juya shi. Wata mace ta ɗora wannan tukunya a murhu, ta jira ta tafasa, ta raba wa yara, wataƙila tana yi musu faɗa kamar yadda nake yi. Littafin tarihi ya riƙe sunan Kanta da na Askiya, ita ba wanda ya riƙe nata. Amma ba a yi garin da babu ita ba.

Yaron zai sa shi aljihu, Baba ya ce, "Aje shi inda ka ishe shi. In kowa ya ɗauki guda, mi na baya za su gani?" Gaskiyarsa, kuma doka ma ta hana kwasar kayan irin waɗannan wurare.

Inda na yi kuskure

A hanyar dawowa ne na lura yaron ya yi shiru. Mai surutun nan da ya ishe mu da tambaya ya koma bin mu a baya yana jan ƙafa. Na tambaye shi, ya ce kansa ke ciwo. Na duba leɓensa ya bushe ya tsage, na kama hannunsa na ji jijiya na bugawa da sauri. Na tambaye shi rabonsa da fitsari, ya ce tun gida. Kafin mu kai wata kuka ya yi amai.

Robar ruwa biyu na ɗauko wa mutum huɗu, kuma sun ƙare tun muna cikin ganuwa. Na ce ai sanyi ake yi. Nan ne hunturu ke yaudarar mutum. Iskar a bushe take ƙwarai, gumi na fita yana bushewa nan take, ba ka ganin jiƙa a riga, ba ka jin ƙishi sosai, alhali ruwan jiki na ta tafiya. Yaro kuma ya fi babba saurin ƙarewa, ga shi wasa ba ya barinsa ya ce yana jin ƙishi. Na san wannan duka. Ina faɗa wa iyaye shi a wurin aiki. Ko ƙunshi ɗaya na gishirin ORS ban sa a jaka ba.

Muka kwantar da shi a gindin kukar, a ɗan inuwar da kututturen ya bayar. Na kwance masa riga, na jiƙa gefen mayafina da ruwan gorar Baba ina shafa masa a wuya da fuska. Ƙanen baban yara ya ruga ƙauye ya dawo a bayan babur da ledojin fiya wata da sukari da gishiri daga wurin mai shayi. Na haɗa, na riƙa ba shi kurɓi kurɓi. Kusan awa guda muna nan. Baban yara bai ce mini komai ba, shirun nasa ya fi faɗa zafi. Sai da yaron ya tashi ya ce zai yi fitsari sannan na ji numfashina ya dawo.

A mota yana kwance a cinyata, na ɗauka ya tsani tafiyar. Sai ya buɗe ido ya ce, "Mama, gobe zan gaya wa malaminmu na taɓa ganuwar Kanta." Shekara bakwai bai manta ba, har ga shi yana kare kakanninsa da ita a gaban ƙanwarsa. Gani ya kori ji.

Amsar da na ba Auta

Na ce mata, ba yanzu ba.

Ta yi kuka, ta ce na fi son yayanta. Na zaunar da ita na gaya mata gaskiya daidai hankalinta. Dajin da muka ratsa da ƙafa muna hira a wancan lokaci ba shi ne na yau ba. Tun ƙarshen 2024 sunan Lakurawa ke fitowa a labarai daga Tangaza da Gudu da Binji da Silame, ban da 'yan bindigar da suka daɗe suna addabar gabashin jihar, inda kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, yake. Ƙishin ruwa na san maganinsa. Wannan kuwa babu abin da zan sa a jaka ya tsare mini ɗiya daga gare shi.

Na san cikin masu karanta wannan fili akwai matan waɗancan garuruwa. Ni yawon buɗe ido na fasa, ku kuwa can kuke kwana, can gonakinku suke, can kuke tura yara ɗebo ruwa. Ban manta da ku ba. Ina yawan tuna dattijon nan da sandarsa. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Idan shekaru suka yi ta tafiya ba mai zuwa, masu jagora irin Baba suka ƙare, yaranmu kuma suka tashi suna ganin Tikal da dalar Masar a waya ba su taɓa jin Surame ba, to za su yarda da abin da Auta ta faɗa, cewa nasu ba su bar komai ba. Yaron da ya yarda da haka yana raina kansa ba tare da ya sani ba. Daji ya rufe Tikal ɗaruruwan shekaru, amma mutanen yankin ba su manta da wurin ba, su ne suka kai baƙi. Riƙe sunan wuri a gida yake farawa, kuma wannan aikinmu ne, ba sai mun jira hanya ta yi kyau ba.

Ga abin da muka shirya da ita. Asabar mai zuwa za mu je gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin gari, daga nan mu wuce Hubbaren Shehu. Idan an samu hutu, kuma waɗanda suka san hanya suka tabbatar mana lafiya lau, za mu je Argungu ta ga gidan tarihi na Kanta, inda aka tara makamai da kayan sarautar Kabi. Yayanta kuma na ɗora masa aiki: ya zana mata ganuwar yadda ya gan ta, ya ba ta labarin da Baba ya ba shi. Jiya na ji su a ɗaki yana kwaikwayon muryar tsohon.

Ke ma duba kusa da ke. In kina Kano, ga Dala da Gidan Makama da abin da ya rage na badala. In Katsina ce, ga hasumiyar Gobarau. Daura na da rijiyar Kusugu, Zariya na da Kufena. Kuma kusan kowane gari na da kufan da tsofaffi ke nunawa da baki su ce, can muka taso. Tambayi kakar yara tun tana da rai.

In Allah Ya kawo lokacin tafiya

Ranar da hanya ta buɗe, ko in za ku wani wurin da yake lafiya yanzu, ga abin da kuskurena ya koya mini.

Ki fara da tambayar tsaro, daga bakin mutanen wurin da hukuma, a ranar tafiyar ba a makon da ya wuce ba. In an ce a dakata, a dakata. Kada ku shiga sai da izinin mai gari da ɗan jagora na wurin, kuma ku sallame shi da abin kirki.

Ki zaɓi Disamba ko Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, ba lokacin kai yaro daji ba ne. Da damina kuma ciyawa na rufe hanya da abin da ke cikinta. Ku fita da sassafe, ku juyo kafin azahar.

Ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, wato ledar fiya wata huɗu, da ƙari a mota. Kada ki jira yaro ya ce yana jin ƙishi, ki riƙa ba shi da kanki. Alamun da za ki sa wa ido: shiru bayan surutu, ciwon kai, bushewar baki, fitsari kaɗan mai duhu ko rashinsa.

Ki sa ƙunshin ORS a jaka. In babu, ki haɗa da kanki: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. A ba shi kaɗan kaɗan. In yaro ya rikice, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya kasa sha, ko aman ya ƙi tsayawa, a sanyaya jikinsa da ruwa a nufi asibiti ba tare da jira ba.

Takalmi rufaffe da safa da dogon wando ga kowa, har ke. Hula ga yara. Ki tabbata allurar rigakafinsu ta cika, saboda ƙaya da tsohon ƙarfe.

In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman macijin. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin kada ya taka da kansa in da hali, a kai shi asibiti mafi kusa. Dafin kububuwa na hana jini daskarewa, tsagawa na ƙara zubar jini ne kawai. Maganinsa allurar kashe dafi ce, kuma a asibiti take.

Na ƙarshe, abin da kuka tarar ku bar shi a inda yake, ledojinku kuma ku dawo da su gida.

Auta ta sa na yi mata alkawari, har ta rubuta a bayan littafinta na makaranta: Surame, ni da Mama. Ta tambaye ni ko tsingaron da yayanta ya aje yana nan. Na ce mata ya jira shekara 300 kafin mu je, in sha Allah zai jira ta.

Ke fa 'yar uwa, wane kufai ne kusa da garinku, kuma wa ya ba ki labarinsa? Ki rubuto mana sunansa a ƙasa, ko da layi ɗaya ne, zan karanta wa Auta. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.